Taku Arba'in da Bakwai a Tudun Marke

Idan Babaji na tafe, ko ba ka ga fuskarsa ba za ka shaida shi daga nesa. Ba ya sauri, ba ya nawa, kuma kullum leɓɓansa na motsi. Waɗanda ba su san shi ba cewa suke tasbihi yake yi. Mu da muka yi aiki da shi mun san taku yake ƙirgawa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana jan sarƙar awo, daga baya tef, a sashen filaye na ƙaramar hukumarmu, har ƙafarsa ta zama ma'auni. Ka tambaye shi nisan ofis zuwa masallaci, ba zai ce maka kusa ne ko nesa ne ba, lamba zai ba ka.

Ni sunana Mudassir, magatakarda ne a wannan sashe. Aikina in rubuta abin da manya suka faɗa a taro, in gyara shi har ya yi kama da maganar hankali. Na tarar da Babaji a ofis, muka yi shekara goma sha biyar tare kafin ya yi ritaya, kuma da a lokacin za a rantsar da ni, zan ce na san shi ciki da bai. Na san shayinsa ba madara. Na san kekensa ya girme ni a aiki. Na san ba ya zama a kujera in akwai tabarma. Ashe abin da ya kamata in sani shi ne ban sani ba.

A Tudun Marke aka haife shi, wani ɗan ƙauye a bayan gari wanda a da gidajensa ba su wuce ashirin ba, gonakin gero sun kewaye shi. Yana matashin magidanci wani safiyo mai suna Ishaya, mutumin Filato, ya zo awon hanya, ya rasa mai riƙe masa bakin sarƙa, ya waiga ya ga Babaji tsaye ya saki baki yana kallo. Hanyar shigarsa aikin gwamnati ke nan. Bai yi boko ba, lambobi kaɗai ya iya karantawa, amma Ishaya ya koya masa abu guda da ya riƙe kamar karatun salla: duk inda za a kafa turken siminti na iyakar fili, a fara zuba gawayi a ƙasan ramin. Turke ana iya tumɓuke shi, in ji Ishaya, mai haɗama na iya matsar da shi, amma gawayi ba ya ruɓa, gara ba ta cin sa. Ishaya ya tsufa ya koma garinsu, sababbin safiyoyi suka zo da na'urar da ke magana da tauraron ɗan'adam, Babaji bai fasa ɗaura ƙullin gawayi a bayan kekensa ba. Mu yi ta yi masa tsiya, muna tambayarsa ko tsire zai gasa mana a daji. Shi dai sai ya yi murmushi ya zuba abinsa.

Da gari ya faɗaɗa ya cinye Tudun Marke, aka tashi mutanen, kowa ya kama gabansa. Babaji da matarsa Sabuwa suka dawo Ƙofar Kwaya, suka zauna a gidan wata tsohuwar maƙwabciyarsu ta ƙauye, Goggo Fatima. Shekara shida ke nan da rasuwar Sabuwa. Ɗa guda na san suna da shi, Muttaka, direban babbar mota a Legas, wanda ke bugo waya idan ya tuna. Tun bayan rasuwar Babaji ya koma ɗakin ƙofar gida, daga shi sai tabarma da buta da keke. Na sha wucewa bayan la'asar in gan shi a kan dakali, majalisar samari na ta gardamar ƙwallo a gefensa, shi kuwa ya zuba wa ƙasa ido. Sa'o'insa duk sun riga shi. Ba abin da ke ba ni tausayi irin tsohon da ba shi da wanda zai ce wa "ka tuna?"

Abu ɗaya ne bai taɓa fashinsa ba. Duk safiyar Juma'a zai hau keke ya nufi bayan gari, in ka tambaye shi ya ce, "Za ni duba gona." Kowa ya san ba shi da gona, ko ta dasa barkono. Muka bar abin a kan rigimar tsufa.

To, shekara takwas da suka wuce ƙaramar hukuma ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfani ya gina rukunin gidaje ɗari biyu a filin Tudun Marke. Aka sa hannu, aka ɗauki hoto, katafila ta yanka tituna ta ture abin da ta ture, sai aiki ya tsaya cak. Ciyawa ta koma abinta. Bana aka kafa kwamiti ya sake duba yarjejeniyar sakin layi bayan sakin layi kafin a bar kamfanin ya ci gaba, aka ba wata tsohuwar shugabar makaranta, Hajiya Zulaihat, shugabanci, ni kuma aka ɗora mini rubutu kamar kullum. Sakin layi na tara cewa ya yi duk maƙabartar da aka samu a filin za a zagaye ta da katanga a bar ta. Sai dai taswirar kamfani ba ta nuna maƙabarta ko ɗaya ba. Fulotai ne reras tun daga titi har bakin kwari, kowanne da lambarsa.

Da aka yi sanarwa a rediyo cewa duk mai kabari a filin ya zo, sai ga masu kakanni sun cika mana ofis. Abin mamaki, kakan kowa a bakin babban titi aka binne shi, daidai inda shago zai yi kyau. Wani ma da aka tambaye shi sunan kakan nasa sai da ya fita ya yi waya. Hajiya, wadda ta shekara talatin tana sauraron ƙaryar 'yan makaranta, ta kafa doka: duk mai magana ya rantse, ya nuna wurin, ya faɗi sunan mamacin da bakinsa, ya faɗi abin da ya haɗa su. Wanda ya kasa ɗaya, maganarsa ta faɗi. Kafin mako ya zagayo masu kakanni sun watse. Ya rage zama biyu a rufe bincike, kuma idan aka rufe ba a samu kowa ba, za a soke sakin layi na tara a haƙa harsashin gini.

A zaman na kusa da ƙarshe Babaji ya shigo. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a duk da ranar Litinin ce, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa. Da ƙyar aka sa shi ya ɗosana a kujera.

"Baba, sannu da zuwa," in ji Hajiya. "An tashi lahiya? Ina gajiya? Ya iyali?"

"Lahiya lau, ranki shi daɗe. Ya aiki? Ya haƙuri da jama'a? Allah shi taimaka."

Aka rantsar da shi. Ya ce, "Akwai maƙabarta a wurin ga. Gabas da hanya, inda marke biyu suke a da. Da idona na ga an kai mutane, da hannuna na yi gina."

"Kana da naka a ciki?"

"Akwai mutanen garinmu."

"Na ji. Naka nake tambaya, Baba. Jininka."

Ya dubi ƙasa.

"Akwai wata yarinya," ya ce.

"Ɗiyar wa?"

"Ta nan gidanmu ce."

"Mi sunanta?"

Babaji ya cire hula, ya leƙa cikinta, ya mayar. "Yarinya ce dai, ranki shi daɗe."

Wani ɗan kwamiti mai son a san yana wurin ya yi dariya, ya ce wannan ai ko wayar ma ba shi da wanda zai buga wa. Injiniyan kamfani, wani matashi mai ladabi ana ce masa Ashraf, ya ce shi ba ya ƙaryata dattijo, amma sun bi filin ƙafa da ƙafa ba su ga tudun kabari ko ɗaya ba. Hajiya ta daɗe tana kallon Babaji, sannan ta ce, "Malam Mudassir, rubuta. Bai kawo suna ba, bai nuna dangantaka ba." Na rubuta. Babaji ya yi godiya, ya sa takalminsa ya fita.

Ba zan ɓoye ba, haushinsa na ji. A raina na ce har da kai Babaji, mutumin da ya auna wa rabin Katsina fili bai taɓa lanƙwasa tef ba, yau ka zo neman fuloti da gawar da ba ta da suna? Da na tashi aiki ban wuce gida ba, na nufi Ƙofar Kwaya da niyyar in wanke shi tas.

Ban same shi ba, ya tafi masallaci. Goggo Fatima ce zaune a zaure tana ɓare gyaɗa da lalube, don idanunta sun yi rauni. Muka gaisa, ta tambayi uwata, ta tambayi matata da yara ɗaya bayan ɗaya, sannan na zazzage mata abin da ya faru, har da ƙari.

Ta ajiye kwanon gyaɗar. "Kai ɗan nan, karatun naka bai yi maka rana ba. Yarinyar ga ɗiyarshi ce. Ɗiyar hwari."

Shekara ashirin da bakwai da sanin Babaji, ban taɓa jin yana da 'ya ba.

"Yo ina za ka ji?" in ji Goggo. "Mutanen da ne. Kunyar ɗan hwari ba wasa ba ce a garinmu, shi kau nashi ya hi na kowa. Bai taɓa ɗaukarta gaban mutane ba. Bai taɓa kiran sunanta ba, daga 'ke' sai 'yarinyar ga'. Ita kau kamar ta haɗiye shi don so. Kullum da yamma tana gindin marke tana jiran kekenshi. Shi zo shi wuce ta kamar bai gan ta ba, sai ya shiga gida shi aje rake ko alewa shi ce ma Sabuwa, 'A ba yara.' Wane yara? Ita kaɗai gare su lokacin."

Ta ce yarinyar na da shekara goma sha ɗaya sanƙarau ya shigo ƙauyen da bazara. Kwana biyu ta yi. Ranar ƙarshe tana kwance a ɗakin kakarta, uwar Babaji, ta yi ta kiran "Baba, Baba." Yana tsaye a bakin ƙofa. Uwarsa na ciki, surukarsa na ciki, ƙafarsa ta ƙi tsallaka dokin ƙofar. Abin da ya iya cewa kawai, "Ku ba ta ruwa." Da aka kai ta bai yi hawaye ba, har mutane suna yaba dauriyarsa.

"Shekara arba'in ke nan," in ji Goggo. "Gonar da kuke ji shina zuwa dubawa, ita ce."

Ta faɗa mini sunan. Ba zan rubuta shi a nan ba tukuna, mai shi ya fi ni cancantar ya fara faɗa. Na tambaye ta ko za ta zo gaban kwamiti. Ta ce ita ba danginsu ba ce, kuma mace ina ta taɓa ganin inda aka sa gawa? Duk duniya mutum ɗaya ne ya san wurin.

Muna haka Babaji ya dawo. Da ya gan ni ya ga Goggo ta kawar da kai, ya gane. Ya shimfiɗa mini tabarma a ɗakinsa. Ɗakin ba komai, sai tsohuwar sarƙar awo a rataye a ƙusa, da kwanon abinci guda a kife.

Haushina bai tafi ba, juyawa ya yi. Na ce, "Baba, don Allah kunyar wa kake ji? Inna ta rasu. Malam mahaifinka ya rasu. Surukanka sun rasu, Sabuwa ta bi su. Garin ma babu shi. Za ka bari a yi ma wani ɗakin girki bisa kanta don kunyar mutanen da ke ƙasa?"

Bai yi fushi ba. Da ya yi ma da na fi jin daɗi.

"Malam Mudassir, ba kunyar kowa nake ji ba yanzu. Baki ne bai saba ba. Na sha gwadawa ni kaɗai cikin ɗakin ga. In na ɗauko shi sai maƙoshi shi kulle." Ya shafa gwiwarsa. "Kuma ka duba mani. Tana raye, tana kirana, ban kira ta ba. Yau in tashi in hwaɗe shi gaban baƙi saboda takarda? Da wane ido?"

Na ce masa dai ranar Alhamis kwamiti zai je ganin filin, shi ne zama na ƙarshe, daga shi sai rahoto. Ya ce Allah ya kai mu. Da na fito na waiga, na gan shi ta labule zaune inda na bar shi, ya kifa tafin hannunsa a kan tabarma. Kaɗaicin mutumin nan ya bi ni har gida, tuwon ma kasa ci na yi.

Washegari na sami Hajiya a ofis na roƙe ta a sake ba shi dama. Ban faɗa mata dalili ba, ba sirrina ba ne. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa, a zo da shi filin. Amma doka tana nan yadda take.

Ranar Alhamis da hantsi muka isa. An yi ruwan farko kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi laushi, rana kuwa kamar ta sauko. Babaji ya riga mu, kekensa a jingine da wata sabara, fartanya a kafaɗarsa. Filin fetal, ba marke, ba gida, ba alamar an taɓa daka a wurin. Ashraf ya buɗe taswira a kan mota ya nuna mana fuloti na ɗari da goma sha uku zuwa sha shida, inda Babaji ke nufi.

Babaji bai dubi taswirar ba. Ya bi gefen titin da katafila ta yanka, ya tsaya a bakin wata matacciyar rijiya, ya juya ya hangi wani dutse can bakin kwari, ya ja baya kaɗan, ya matsa hagu. Sannan ya fara haƙa. Na miƙa hannu in karɓi fartanyar ya hana ni.

"Nan turke yake," ya ce yana haki. "Turkena na hwarko, ni da Malam Ishaya. Shi ne kusurwar maƙabarta. Katafila ta tahi da shi."

Ɗan kwamitin nan mai dariya ya koma inuwar mota yana fifita da fayil. Ramin ya kai gwiwa, ba komai sai jar ƙasa. Ya ƙara sara uku, ta huɗu ta fito baƙa. Ya durƙusa ya ɗebo da hannu biyu. Gawayi ne, ƙulli guda, kamar jiya aka zuba.

Na yi wa Hajiya bayanin gawayin Ishaya, ni da na fi kowa yi masa tsiya a kai. Ashraf ya tsuguna ya murza baƙin a yatsunsa, ya daɗe yana kallo, ya ninke taswirarsa ya sa a hammata.

"Daga nan gabas," in ji Babaji. "Da taku arba'in da ɗaya ne. Ƙahwa ta tsuhwa, takun ya rage. Kowace 'yan shekaru sai in ga na ƙara ɗaya. Yanzu arba'in da bakwai."

Ya cire takalmi, ya yi sallama ga mutanen kabari, ya fara tafiya, leɓɓansa na motsi. Muka bi shi, mu maza. Hajiya ta ɗaga ƙafa za ta biyo mu, sai ta fasa, ta tsaya a bakin ramin gawayin ta gyara mayafi. Ba wanda ya ce mata kada ta shiga. Ita da kanta ta ga wannan wuri ba na shigar mata ba ne, kuma daga nan na san zuciyarta ta riga ta yarda.

A taku na arba'in da bakwai ya tsaya. Ya tsuguna ya share ƙasa da tafin hannu a hankali, sai ga bakin tsohuwar tukunya a kife, wadda ya sa a wajen kai tun ranar da aka rufe ta. Ashraf ya cire hular kwanonsa. Da muka lura da kyau sai muka fara ganin wasu 'yan kwarurruka a jere a cikin ciyawa, inda ƙasa ta lotsa. Gani ya kori ji.

Saura suna. Hajiya na can nesa, iska na kaɗa mayafinta. Ta ɗaga murya.

"Baba! Wa ke nan wurin?"

Bakinsa ya motsa. Ni da ke kusa da shi ban ji komai ba.

"Ban ji ba, Baba!"

Na ce mata ko in karɓa daga bakinsa in kawo mata. Ta girgiza kai. "Ka yi haƙuri, Baba. Na hana wasu, ba ni iya ɗaga maka. Sai na ji da kunnena."

A lokacin na ji haushinta, na ji haushin doka, na ji haushin kaina da biron da ke hannuna. Babaji ya dafa gwiwa ya miƙe. Na zaci wajen Hajiya zai juya. Bai juya ba. Ya fuskanci tukunyar, ya ja numfashi, ya ɗaga murya yadda uba ke yi idan ya tsaya a zaure yana kiran 'yarsa daga cikin gida.

"Halimatus Sa'adiyya!"

Sunan ya tafi cikin filin har bakin kwari. Cikakke ya kira shi, yadda liman ya raɗa ranar suna. Sannan ya yi abin da har yau in na tuna sai idona ya kawo ruwa: ya ɗan karkata kai, ya saurara. Duk muka yi tsit muna saurare tare da shi, har da mai dariyar nan da ya baro inuwar mota.

Ba komai sai iska a cikin ciyawa.

"Ɗiyata ce," ya ce, har yanzu da ƙarfi. "Ɗiyata ta hwari." Daga nan muryar ta karye, ya koma magana a hankali, ba da mu yake ba. "Shekara goma sha ɗaya kina gabana. Sai yau da ba ki amsawa."

Hawaye suka bi ta cikin furfurar gemunsa, bai share ba. Na duba wajen Hajiya na ga ta juya mana baya. Da ta juyo ta ce, "Malam Mudassir, rubuta." Na rubuta, layin ya karkace a littafin taro, kuma ban sake kwafe shi ba.

Rahoto ya fita bayan mako uku. Sakin layi na tara ya tsaya, aka cire fuloti huɗu daga taswira, kamfani ya amince ya yi katanga da ƙofa kafin ya aza bulo ko ɗaya na gida. Manya suka yi ta yaba wa juna a kan tsare haƙƙin jama'a, ni kuma na rubuta yabon na gyara shi. Ranar da aka kafa sababbin turaku Ashraf da kansa ya zo da buhun gawayi a bayan mota.

Na kai wa Babaji kwafin shafin da maganarsa take. Ya juya takardar, ya ce in nuna masa inda sunan yake, tunda shi lambobi kaɗai ya sani. Na nuna masa. Ya ɗora babban yatsa a kai ya daɗe, ya ce ashe dogo ne haka. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba.

Ba zan ce rayuwarsa ta canza ba. Yana nan a ɗakin ƙofar gida, kwano ɗaya, buta ɗaya. Muttaka na bugo waya idan ya tuna. Samarin majalisa na nan da gardamar ƙwallonsu, ba su san abin da ya faru ba, kuma ba su tambaya ba. Ni ma da nake ta wannan surutu, sai in yi mako biyu ban leƙa shi ba.

Juma'ar da ta wuce na fito da safe zan sayi ƙosai, sai ga shi yana tura keke, don yanzu hawan na ba shi wuya a kan tudu. Muka gaisa, ya tambayi uwata, ya tambayi yara. Don tsokana irin ta da, na ce, "Baba, sai gona?"

Ya gyara riƙon keken.

"A'a," ya ce. "Za ni wurin Sa'adiyya."

Ya wuce, leɓɓansa na motsi.